Shaf, boris da bol-join: abin da za ka yi idan gwaji ya tona ƙafar motar da ka saya a Legas

Mota ta fito daga Tin Can ko ta shigo ta Kwatano, an wanke ta, an shafa wa tayoyi mai har suna ƙyalli. Mai saye ya biya, ya yi lamba, ya kai ta gwajin lafiyar mota. Daga nan ɗayan biyu ne. Ko a miƙo masa takarda a ce ƙafar gaba na wasa, ya je ya gyara ya dawo, ko kuma ta tsallake gwajin lafiya lau, bayan sati biyu ta fara ƙwas-ƙwas-ƙwas duk lokacin da ya karya kwana zai shiga layinsu a Agege. Duka biyun suna faruwa, kuma na biyun ya fi ɓata rai, domin mutum yana ganin takardar gwamnati ta riga ta wanke motar.

Tun 2017 aka buɗe cibiyar LACVIS ta Ojodu, inda ake gwada mota da na'ura, kuma daga 2022 gwamnatin Legas ta ɗaure samun takardar lafiyar mota da kai motar wurin gwaji. Abu ne mai kyau. Ana auna ƙarfin birki a kan rola, a duba fitilu da hayaƙi, a girgiza ƙafafu a ga ƙarfin shoka, a leƙa ƙarƙashi. Amma gwajin na 'yan mintoci ne, kuma tambayar da yake amsawa ita ce ko motar ta cancanci hawa titi a yau. Ba ya cewa kan shaf, wato mahaɗin da ke ƙarshen sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, zai kai ka Kano. Kan shaf na ciki da ya ci ba ya nuna kansa sai an taka mota tana ja da ƙarfi. Boris, wanda taya ke juyawa a kansa, idan ya fara lalacewa ba ya kuka sai mota ta kama gudu. Robar da aka sa sabuwa jiya a kan shaf ɗin da ya riga ya mutu kuwa, ido zai gan ta tsaf.

Saboda haka ko ta ci ko ta faɗi, sai ka sa an ɗaga ta an taɓa da hannu.

Fara da shaf, tunda shi ne ya fi yawan ba da matsala a motocin da suka cika Legas: Corolla, Camry, Accord, Sienna da ire-irensu, masu ja da tayoyin gaba. Kowane ɓangare yana da shaf ɗaya, kowane shaf yana da kai biyu. Kan waje yana shiga cikin hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jikinsa, shi ne mai lanƙwasawa idan ka juya sitiyari, cikinsa akwai ƙwallayen ƙarfe, galibi shida, a cikin keji. Kan ciki yana shiga giyabos, aikinsa zamewa ciki da waje yayin da taya ke hawa da sauka, yawanci da rola uku a cikin kofi. Kowannensu an cika shi da giris an rufe da roba mai ninki, an ɗaure da zoben ƙarfe biyu. Rayuwar shaf gaba ɗaya tana jikin wannan robar. Muddin ba ta tsage ba, kan shaf na asali zai iya yin shekaru da yawa babu ko tari. Ranar da ta tsage, juyawar shaf za ta watsar da giris waje, yashi da ruwa su shiga su gauraya da ragowar, su koma abin goge ƙarfe.

Legas kuwa ba ta raga wa roba. Zafin inji a cikin go-silo na sa ta bushe ta yi tsattsage. Ruwan damina da ke kwanciya a Lekki, Ajah da hanyar Apapa yana ɗauke da yashi, sau da yawa har da gishirin teku. Robar da za ta daɗe a tsage a garin da babu ruwa kafin kai ya fara kuka, a nan damina ɗaya ta ishe ta.

Ka juya sitiyari har ƙarshe, ka haska tocila a bayan taya, ka buɗe ninkin robar da yatsa ɗaya bayan ɗaya, domin tsagar tana ɓuya ne a cikin kwarin ninki. Duba cikin wili, jikin shoka da lowa-am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe ƙafar da jikin mota: idan ka ga ɗige-ɗigen baƙin giris a zagaye kamar an fesa, robar ta daɗe da fashewa. A motar sayarwa, abin da ya fi wannan sa shakku shi ne ka ga wurin an wanke shi fes, roba sabuwa dal a ɓangare ɗaya, an ɗaure ta da waya ko robar ɗaure kebul maimakon zoben ƙarfe. Wannan aikin rufa-rufa ne, an canza roba an bar kai.

Sai gwajin tuƙi, wanda babu abin da ke maye gurbinsa. Samu fili, ka sauke gilasai, ka kashe rediyo da esi. Karya sitiyari duka zuwa hagu, ka taka a hankali kana zagaye, sannan ka maimaita zuwa dama, sannan da ribas. Ƙwas-ƙwas mai bin juyawar taya kan waje ne. Bayan haka hau titi mai faɗi, irin babban titin Ikorodu da safiyar Lahadi, ka taka da ƙarfi daga kilomita 40 zuwa 80 a awa. Idan gaban mota na kakkarwa yayin da ƙafarka ke kan totur, kana ɗagawa ya daina, kan ciki ne ya ci. Mutane da yawa suna kashe kuɗi a balansin taya sau biyu sau uku a kan wannan. Rashin balansin yana bin gudu ne, ko ka taka ko ka saki yana nan. Kan ciki yana bin nauyin da inji ya ɗora.

Akwai wani abu da ya shafi tokumbo musamman, wato motocin hannu da ake shigowa da su daga waje. Motocin da suka zauna a arewacin Amurka da Kanada sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara. A 2020 Honda ta yi kiranye ga wasu motocinta a waɗannan jihohi, ciki har da Accord ta 2013 zuwa 2015, saboda tsatsa na cin sandar shaf a ƙarƙashin wata roba mai kauri da ke tsakiyarta, har sandar ta iya karyewa. Idan motarka tana da irin wannan roba a tsakiyar shaf, ka duba gefenta da kyau, ka ga ko ƙarfen ya kumbura yana ɓarewa. A Camry, Sienna da Highlander kuma shaf ɗin dama yana da boris a tsakiya, cikin wani maƙali da ke jikin inji. Tsatsa kan manne shi har cire shi ya zama aikin yini guda, kuma nan ne bakanike mai gaggawa ke ɗaukar guduma ya fasa maƙalin.

Shaf ya fi kowa surutu, amma ba shi ne ya fi haɗari ba. Idan ya tsinke, inji zai yi ta ihu mota ba ta motsi, kuma ko ka sa giya a P ba za ta riƙe ba, sai ka ja birkin hannu. Abin kunya ne a kan gadar Third Mainland, amma taya tana nan a wurinta. Wanda ke kwantar da mota a tsakiyar titi, taya ta karkace ta shige ƙarƙashin fenda, shi ne bol-join, mahaɗi mai kan ƙwallo da ke riƙe ƙafar taya a jikin lowa-am. Duk mai bin titunan Legas ya ga irin wannan, kuma sau da yawa tsohuwar Accord ce, irin ta 2003 zuwa 2007. Dalili a ƙirar ƙafar yake. A waɗannan motoci shoka tana zaune ne a kan lowa-am, don haka nauyin mota yana ratsa bol-join na ƙasa kullum. Idan ya ci, ko an sa na jabu, ko an buga shi da guduma wurin sawa, rami ɗaya ya isa ya fizge shi.

Wannan bambancin ƙira yana canza yadda ake gwadawa, kuma a nan ake yawan kuskure. A Corolla da Camry, a ɗaga jikin mota taya ta yi lilo, a sa dogon ƙarfe tsakanin lowa-am da nokul, wato ƙarfen da ke ɗauke da hob da boris, a danna a ga ko akwai wasa. A Accord ɗin can kuwa, idan taya na lilo ƙarfin sifirin yana matse join ɗin, sai ya zama kamar lafiyarsa ƙalau. Dole a sa jak a ƙarƙashin lowa-am, kusa da taya, a ɗaga kaɗan don a sauke masa nauyi, sannan a zura ƙarfe ƙarƙashin taya a ɗaga sama a saki, wani yana kallon join ɗin da tocila. Duk motsin da ido ya gani, canji ne. Haka idan robarsa ta tsage. Ƙara ƙiii-ƙiii idan ana juya sitiyari a tsaye alama ce ya bushe.

Tunda mota na sama, a kama taya da hannu biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, a girgiza. Wasa a nan tayirod ne, sandar da ke kai motsin sitiyari zuwa taya, ko na waje ko na ciki da ke jikin rak ɗin sitiyari. Ɗora hannu a kan kowannensu yayin da wani ke girgizawa, za ka ji wanda ke bugawa. Sannan a kama sama da ƙasa a girgiza. Idan akwai wasa, a ce wani ya taka birki ya riƙe: in wasan ya ɓace, boris ne, in yana nan, a koma kan bol-join. A littafin gyaran Toyota wasan da aka yarda hob ya yi bai wuce milimita 0.05 ba, wato abin da hannu ba zai ji ba. In hannunka ya ji, an wuce wurin.

Sai dai boris na zamani kan lalace ba tare da wasa ba. Kukansa gurnani ne, huuu, yana ƙaruwa da gudu, yana canzawa idan ka ɗan karkata mota. Galibi idan ka karkata dama ƙarar ta ƙaru, na hagu ne, domin nauyi ya koma kansa. Na ce galibi, saboda yana yaudara. Tabbaci shi ne a ɗaga mota, a juya taya da hannu, ka riƙe sifirin: mataccen boris zai aiko da kakkarwa cikin tafinka. Kafin a yanke masa hukunci a shafa tayoyi, domin tayar da ta ci tudu-tudu ita ma tana irin wannan gurnani.

Bushin lowa-am, wato robobin da ke inda ya haɗu da jikin mota, da linkej, 'yar sandar da ke haɗa ƙafa da ƙarfen hana mota tangaɗi, ba sa buƙatar dogon bayani. Bush da ya tsage yana sa gwaf idan an taka birki, mota ta riƙa ja gefe, taya ta ci ta ciki. Linkej shi ne mai ƙwal-ƙwal a kan gargada, mai arha ne, ba ya yar da taya, amma ƙararsa na rufe ta sauran.

Idan kuɗi ba za su isa a yi duka lokaci ɗaya ba, ga yadda nake ganin ya kamata a bi: bol-join da tayirod yau, ba gobe ba. Boris mai wasa na biye da su. Robar shaf da ta tsage amma kai bai fara kuka ba, a yi ta cikin satin, domin ita ce gyaran da jinkirinsa ke ninka kuɗi. Kan shaf mai ƙwas-ƙwas zai iya ɗan jira a zirga-zirgar cikin gari, amma ba a kama hanyar Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa da shi, da kaya a but da iyali a baya. Bush da linkej su zo ƙarshe. Alaimen kuma sai an gama komai, in ba haka ba za ka biya sau biyu.

Yanzu batun kaya. A Ladipo ko Owode Onirin za a nuna maka iri uku: tokumbo na asali, sabo mai suna, da sabo maras suna a kwali mai ƙyalli. A kan shaf, tokumbo na asali mai lafiya sau da yawa ya fi sabo mai arha, wanda kan cikinsa kan sa mota kakkarwa tun ranar farko. Riƙe sandar da hannu ɗaya, ka murɗa kan gaba da baya: kada ka ji tazara. Lanƙwasa shi zagaye, ya tafi sumul da ɗan tauri, ba ya sarƙewa, ba ya kuma faɗuwa sakwa-sakwa. A kan bol-join, tayirod da boris kuwa, ni ban ga hikimar sayen tsoho ba. Ba ka san ramukan da ya sha ba, kuma boris da aka fitar da guduma ya riga ya samu tabo a ciki. Sayi sabo na kamfanin da aka sani, irin Koyo, NSK ko NTN a boris, 555 ko CTR a join, ka sani kuma cewa sunayen nan su aka fi yi wa jabu, don haka shagon da za ka iya komawa gobe ya fi kwalin muhimmanci.

Ka tafi kasuwa da tsohon shaf a hannu, kada ka dogara da sunan mota da shekara. A jera su a ƙasa a gwada tsawo. A ƙirga haƙoran da ke shiga hob da na giyabos, domin a Toyota kaɗai akwai mai 26 akwai mai 30, kuma mai silinda huɗu da mai shida ba ɗaya ba ne, haka mai giyar hannu da otomatik. A ƙirga haƙoran zoben ABS (na'urar hana taya kullewa idan an taka birki) idan yana jikin shaf, wanda a Toyota da yawa 48 ne. Kuskuren haƙori biyu ya isa ya kunna fitila a dashbod, ko ya sa birki ya riƙa karkarwa a ƙafa lokacin da kake dab da tsayawa.

Wurin sawa ne rabin gyare-gyaren nan ke lalacewa, don haka ka tsaya a kan aikin, ko ka aika wanda ya sani. Idan roba kawai za a canza, dole a cire kan, a wanke tsohon giris gaba ɗaya, a busar, a duba hanyar ƙwallaye ko ta yi rami. Giris ɗin kan waje baƙi ne mai sinadarin moli, ba jan giris ko ruwan ɗorawa na boris ba. Fakitin da ke zuwa da roba, kimanin giram 80 zuwa 120, a juye shi duka, mafi yawa cikin kai, saura cikin roba. Kan ciki mai rola uku sau da yawa nasa daban ne, ya fi ruwa-ruwa. A saki iskar da ta maƙale kafin a ɗaure, a kuma ɗaure da zoben ƙarfe da filayarsa. Waya tana yanka roba.

Idan an zare shaf daga giyabos mai zai zubo. A canza sil ɗin wurin in ya taurare, a tura shaf har zoben ƙarshensa ya kama, a ja kofin da hannu a tabbatar ba ya fitowa. A cika man da ya zuba da irin wanda littafin motar ya faɗa: a otomatik na gama-gari, T-IV ko WS a Toyota gwargwadon shekara, DW-1 a Honda, amma wasu giyabos nasu daban ne. An sha kashe giyabos mai lafiya da man da aka ga dama bayan gyaran shaf.

Babban notin shaf shi ne ke matse boris, don haka ƙarfin ɗaurinsa ba abin kintace ba ne. A Corolla ta 2003 zuwa 2013 ana ɗaure shi 216 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a Camry ta 2002 zuwa 2011 kuma 294 Nm. Bututu a kan sifana da yaron gareji yana tsalle a kai ba ma'auni ba ne. In ya yi sako-sako boris zai yi wasa, in an wuce kima zare ya miƙe. A nemi sifanar awo, a sa sabon noti, a dake bakinsa cikin tsagar shaf ko a sa masa fin. Kada a sauke mota a tura ta alhali notin na kwance ko babu shaf a ciki, ko da taku goma ne, domin nauyin mota zai buɗe boris. Shi kansa boris da injin matsi ake sa shi, ana danna zobensa na waje, kuma in mai maganaɗisun ABS ne a gefe ɗaya, gefen ya fuskanci sensa. In an juya shi, sai an sayi wani. Notocin taya na Toyota irin waɗannan 103 Nm ne. Kusoshin bush kuma ba a ƙarasa ɗaure su sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta tsage cikin 'yan watanni.

Masu Hiace da Hilux, da ke ja da tayoyin baya, naku a baya yake. Duba bayan wili ko man aksil na tsiyaya, domin in sil ya saki, man na jiƙa takalmin birki. Buɗe murfin cikawa ka tsoma yatsa: mai ya kai bakin rami, kuma kada ya yi fari kamar an zuba madara. In ya yi, ruwa ya shiga ta bututun numfashi lokacin da zazzafan aksil ya faɗa ambaliya. A zubar, a sa GL-5 mai kaurin da littafin motar ya faɗa, a girgiza farfela, doguwar sandar da ke kai ƙarfi aksil ɗin baya, a ji kuros, wato mahaɗinta, ko yana wasa.

Saura tambayar wa zai biya. Idan ba ka riga ka biya ba, kana da ƙarfi: ka zo da bakanikenka, ba na dillali ba, a ɗaga mota a Berger ko duk inda take, a rubuta abin da aka gani, a cire kuɗinsa daga farashi. Mai mota da ya hana a ɗaga ko a fita gwajin tuƙi ya riga ya ba ka amsa. Idan kafin alƙalami za ka bayar, a rubuta cewa sharaɗin ciniki shi ne motar ta tsallake gwaji da dubawar bakanike, a sa hannu da shaidu, a riƙe wani kaso da la'adar dillali sai an gama. In kuwa an riga an biya, sai a bambance. Roba, bush da linkej kayan ci ne, duk mai sayen tsohuwar mota ya sa su a lissafi. Amma sabuwar roba a kan mataccen kai, ko giris da aka cusa don a kashe ƙara na kwana biyu, ɓoye aibi ne, kuma a fiƙihu ma mai saye na da zaɓin mayar da kaya a kan aibin da aka ɓoye masa. Ɗauki hoto kafin a kwance, ajiye tsofaffin kayan da rasit da takardar gwaji, ka fara da mai motar cikin mutunci, sannan shugabannin kasuwar ko dattawan da suka haɗa ku. In kamfani ne mai rajista kuma magana ta ƙi, akwai hukumar kare masu saye ta jihar Legas, LASCOPA, da ta tarayya, FCCPC.

Bayan gyara da alaimen, ka sake zagayen nan na fili da gwajin titi kafin ka koma cibiyar gwaji. Bayan kamar kilomita 100 a sake taɓa notocin taya, a leƙa robobin ko giris na fitowa ta bakin zobe, a kuma duba ƙasan giyabos wurin da shaf ya shiga ko akwai danshin mai.